Jegon Auta: Ciwon da Muka Ɗauka Kunya Ce

Da yardar ƙanwata nake wannan rubutu. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini, kada in kama sunan kowa, kada in faɗi unguwa. Don haka zan kira ta da abin da muke kiranta a gida tun tana zanin goyo, wato Auta. Ni ce babbar yayarta, shekara 14 na ba ta, a bayana ta girma. Wannan kusancin bai hana ni zama cikin waɗanda suka zuba mata ido tana nutsewa cikin ciwon damuwa na bayan haihuwa sama da wata biyu ba mu gane ba.

Shekararta 23 a lokacin. Ta gama NCE aka yi mata aure, aka kai ta Kaduna inda mijinta yake da shago. Mace ce mai fara'a da surutu, irin wadda tun daga zaure za a san ta iso. Ba ta taɓa wata larurar ƙwaƙwalwa ba, auren soyayya ne, mijin ba ya rage ta da komai, cikin kuma suna so. Na jero waɗannan ne saboda su ne hujjojin da muka riƙa kafawa daga baya, muna cewa ai babu abin da zai dame ta.

Da cikin ya shiga wata takwas aka dawo da ita gida Zariya goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Naƙuda ta yi tsawo, kwana da yini. An yi mata ƙari, ta zubar da jini har sai da aka ƙara mata leda biyu. Ta samu ɗa namiji lafiyayye, aka sallamo su, gida ya cika da 'yan barka.

Kwana na huɗu da asuba na shiga ɗakin na tarar da ita tana kuka, hawaye har da shessheƙa. Na ce, "Auta, lafiya? Ɗinkin ne?" Ta girgiza kai. "To mene ne?" Ta ce, "Wallahi Yaya ni ma ban sani ba." Da na faɗa wa Mama sai ta ce in ƙyale ta, duk macen da ta haihu ta yi wannan kukan, zai wuce.

A wannan ranar Mama ce da gaskiya. Da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran estirojin da furojestaron da suka taru a jikin mace tsawon wata tara sai su zube ƙasa cikin 'yan kwanaki. A haɗa da rashin barci, da zafin ɗinki, da cikowar nono. Abin da ke biyo baya shi ne kuka ba dalili, saurin fushi, dariya yanzu hawaye an jima. Fiye da rabin masu jego suna shiga wannan hali, yakan fara ne tsakanin kwana na biyu da na biyar, kuma yakan tafi da kansa kafin mako biyu ya cika. Ba ciwo ba ne, ba ya buƙatar magani, sai lallashi da barci. Inda muka yi kuskure shi ne mun riƙe maganar "zai wuce" ba mu sa mata wa'adi ba. Mako biyu ya wuce, kukan bai tafi ba, ya dai koma ɓoye.

Kwana arba'in a hannun Gwaggo

Ba zan yarda a ce an yi sakaci da Auta a jegonta ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta baro awakinta a ƙauye ta zo ta tare. Tun kafin kiran assalatu take hura wuta. Safe da yamma wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya, sannan zama cikin ruwan bagaruwa saboda ɗinkin. Ga kunun kanwa, ga tuwo da miya mai yaji da daddawa, ga farfesun kayan ciki, ga naman ƙauri da dangin miji suka aiko. Ko tsinke ba a bari ta ɗaga. Matan ƙasashe da yawa da ke haihuwa su koma ɗaki su kaɗai da jariri, da sun ga wannan gata sai sun yi sha'awa.

Har faɗa muka yi da Gwaggo a kan lafiyar jikinta. Na san tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU a nan Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kumbura ta gaza, suka alaƙanta abin da yawan shan kanwa da tsananin gashi. Na dage sai an rage kanwar, an kuma riƙa surka ruwan. Gwaggo ta yi mita ta haƙura. Kullum sai na latsa ƙafafun Auta in ga ko sun kumbura, in tambaye ta ko numfashinta na sarƙewa in ta kwanta. Duk wannan binciken na yi shi, amma ko sau ɗaya ban zauna na ce mata, "Yaya kike ji a ranki?" ba.

Alamun kuwa suna nan a fili. Ba ta kallon yaron. In aka miƙo shi ta ba shi nono fuskarta na kallon bango, yana saki ta miƙa wa wanda ke kusa. Ba ta yi masa wasa, ba ta tambayar ina aka kai shi. Mu kuma sai muka yaba. 'Yan barka suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai alkunya, ba kamar 'yan zamani ba masu rungume ɗan fari a gaban iyaye." Mama har wani daɗi take ji, tarbiyyarta ta fito. Shirun da ta koma yi kuma aka ce natsuwa ce, haihuwa ta sa ta girma.

Nan ne nake ganin gadar da ciwon ya bi ya wuce mu. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, ni kaina 'yar fari ce, har yau Mama ba ta kama sunana. Amma kunya a gaban mutane ake yin ta. Mai kunya tana satar kallon ɗanta ta gefen ido. In ɗaki ya zama daga ita sai shi, za ka same ta tana shinshina kansa, tana ƙirga 'yan yatsunsa. In ya yi kuka a hannun wani, jikinta na tsuma ko da bakinta bai ce komai ba. Auta kuwa yadda take a gaban jama'a haka take in ba kowa. Na sha leƙawa da dare in ga yaron a gefe, ita a zaune ta ƙura wa ƙofa ido. Na gani, ban karanta ba.

Ba ta barci ko da yaron ya yi. Abinci in Gwaggo ta tsare ta sai ta tura loma biyu, in an ba da baya ta juye wa almajiri. Wayarta da a da ba ta rabuwa da ita ta mutu a ƙasan filo kwana da kwanaki. Ƙorafinta duk na jiki ne: kaina kamar an ɗora dutse, ƙirjina zafi, gabana faɗuwa yake, jikina ba ƙarfi. Mu Hausawa da wuya mace ta buɗe baki ta ce ina cikin baƙin ciki alhali ga jariri a cinya. Da wane baki? Sai jiki ya ari maganar. Mu kuma muka riƙa amsa wa jikin, a ƙara yaji, a ƙara gashi, a sayo maganin ciwon kai.

Akwai wani abu da sai daga baya ta faɗa mini. A kwanakin jinin biƙi mace ba ta salla. Auta kuwa mai riƙo da ibada ce, in abu ya dame ta a sujada take sauke shi. Ta ce a daidai lokacin da ta fi buƙatar dardumarta sai ta ji kamar an rufe mata ƙofa. Babu wanda ya tuna mata cewa addu'a da zikiri da sauraron karatu duk a buɗe suke gare ta.

Bayan arba'in

Ranar da ta cika arba'in aka yi mata kitso da lalle, aka ɗan zaga dangi, aka mayar da ita Kaduna da buhun yaji da garin kunu. Gwaggo ta koma ƙauye. Daga gida mai mutum goma sha, sai ga ta a ɗaki biyu da falo a saman bene, maƙwabta kowa ƙofarsa a rufe. Mijin yana fita ƙarfe takwas na safe, ba ya dawowa sai bayan isha'i.

Al'adarmu tana ɗauka cewa ranar arba'in mace ta warke. Wataƙila mahaifa ta koma mazauninta, ɗinki ya kame. Amma ciwon damuwa na bayan haihuwa ba ya bin wannan lissafin. Yana iya farawa kowane lokaci cikin shekarar farko, kuma sau da yawa a makonnin nan na bayan arba'in yake nuna ƙarfinsa. Ke nan muna janye hannu gaba ɗaya a rana guda, daidai lokacin da ya kamata a ƙara riƙewa. Kuma ba abu ne da ba a saba gani ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun larurar da ta shafi tunani, mafi yawa ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar. Duk gidan sunan da kika je, cikin matan da ke zaune a tabarma akwai waɗanda suka ɗanɗana.

Da yaron ya cika mako shida ta kai shi allurar rigakafi. An auna nauyinsa, an yi masa allura, an ɗiga masa maganin shan inna, an auna jininta, an yi mata maganar tazarar haihuwa. Babu wanda ya tambaye ta ko tana barci, ko tana kuka. Ba na zargin ma'aikaciyar da ke da layin mata sama da abin da za ta iya. Sai dai tun 2022 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a riƙa tantance mai jego game da damuwa da fargaba a irin wannan zuwan. Uwa tana kawo ɗanta a mako na 6 da na 10 da na 14. Sau uku ke nan tana zama a gaban ma'aikacin lafiya da ƙafarta.

A gida al'amura suka fara lalacewa. Miji ya dawo a gajiye ya tarar ba a ɗora tukunya ba, wanki ya taru, matar na zaune da kayan jiya. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya kai ga cewa, "Wai me na rage ki da shi? Ki faɗa mini." Ba ta da amsa, sai kuka. Hajiyarsa da ta zo ta ga halin da ake ciki ta ce sangarta ce irin ta 'yan auta, an saba yi mata komai. Wata ta ce kishiya take tsoro. Da aka ga tana zabura cikin dare sai magana ta koma kan iska, wai ta fita da magariba da ɗanyen jego. Aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, aka ɗauko malami ya yi ruƙiyya kwana uku.

Malamin nan ina yi masa addu'a har gobe. A rana ta uku ya kira mijin gefe ya ce masa shi bai ga alamar shafar aljanu ba, a ci gaba da addu'a amma a kai ta asibiti, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mijin ya ji, amma ya rasa wane asibiti zai kai ta, ya ce tana ciwon me. Aka ƙara kwana goma.

Kiran ƙarfe uku

Yaron yana da kwana saba'in da 'yan kai wayata ta yi ƙara ƙarfe uku na dare. Muryarta a sanyaye, ba kuka. Ta ce, "Yaya, ki zo ki ɗauki yaron nan. Ke ce kika dace da shi." Na ce me ya faru. Ta ce, "Ba komai. Na ga dai da babu ni da kowa ya huta."

Ban kashe wayar ba har aka kira salla. Na sa mijina ya kira mijinta ya tashe shi, aka ce kada ya bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya. Gari na wayewa na shiga motar farko.

Na rufe mu a ɗaki na ce ta faɗa mini komai, ba zan yi mata wa'azi ba. Ta daɗe kafin ta fara. Ta ce tun ranar suna take jiran ta ji son nan da ake cewa uwa na ji, bai zo ba, sai ta yanke cewa ita muguwa ce. Ta ce in tana yi masa wanka sai wani tunani ya faɗo mata, ga shi ya suɓuce cikin baho, sai jikinta ya ɗauki rawa. Dalilin da ya sa ta daina yi masa wanka ke nan, ta daina matsawa kusa da matakala in tana riƙe da shi. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Yaya, in na faɗa cewa za a yi na haukace. A ƙwace shi, a sake ni, a ce gidanmu akwai taɓin hankali."

Washegari muka je wajen wata likita da wata ƙawata ta yi mana hanya. Ta fitar da mu, ta zauna da Auta kusan awa ɗaya. Ta yi amfani da wasu tambayoyi guda 10 da aka tsara a Edinbura ta ƙasar Birtaniya a 1987 don tantance masu jego, tana karantawa tana mayar mata da Hausa. Kowace amsa da makinta, jimilla 30, wadda ta kai 13 ana ɗaukar akwai yiwuwar ciwon damuwa. Auta ta haura nan nesa ba kusa ba. Tambaya ta ƙarshe kan tunanin cutar da kai ce, likitar kuma ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ta kai tsaye ko ta yi tunanin kashe kanta, ko ta tanadi wani abu. Ni da na ji daga baya sai da gabana ya faɗi, na ce ba za a cusa mata ra'ayin ba? Ta ce a'a, tambaya ba ta shuka wannan tunanin, sauƙi take kawo wa wanda ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai.

Ta sa aka yi gwajin jini, aka ga har yanzu jininta bai cika ba. Aka duba ƙullin maƙogwaro na tayirod, domin yakan rikice bayan haihuwa ya kawo kasala da damuwa, aka ga lafiya lau. Ta saurari zuciyarta. Sannan ta tara mu da mijin ta yi mana bayanin da ya sauke mana wani dutse. Ta ce akwai wata larura dabam, mai tsanani, da ke samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko: mace ta rikice, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, ta kwana ba barci tana sambatu, ta yarda da abin da ba gaskiya ba game da jaririn. Wannan a ranar ake kai ta asibiti, ba a kwana. Auta ba ta da ko ɗaya daga ciki. Mugun tunanin da ke faɗo mata kuwa, ta ce iyaye mata da yawa suna samunsa, kuma yadda yake firgita ta har take nesa da baho alama ce ta mai tsoron cutar da ɗanta. Ina kallon Auta lokacin da aka faɗi haka. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba tun kwana na huɗu.

Likitar ta ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, mai ƙarfi. Ta rubuta maganin ƙarin jini da wani magani mai suna sataralin, wanda ɗan kaɗan ne ƙwarai yake shiga ruwan nono, shi ya sa ake zaɓarsa ga mai shayarwa. Ta gargaɗe mu cewa sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa. Ta kuma tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa saboda maganar da Auta ta yi a waya.

A nan aka kai ruwa rana. Jin an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Hajiya ta ce ba za a kai matar ɗanta asibitin mahaukata ba. Baba ma da farko shiru ya yi. Wannan tsoron yana da asali. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan da dokar mahaukata ta 1958 take aiki, wadda tsarewa ta fi sani ba magani ba. Mijin ne ya raba gardama. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, da ciwon suga ne da tuni mun tafi." Suka je, aka gan ta, ba a kwantar da ita ba, aka ba ta ranar dawowa.

Abin da gida ya yi

Magani ya yi nasa, amma na tabbata da a saman benen nan aka bar ta ita kaɗai da ƙwayoyi, da labarin ya bambanta.

Shawarar farko da aka kawo ita ce Hajiya ta tafi da yaron a ba shi madara, uwar ta huta. Da kyakkyawar niyya aka faɗa. Likita ta ce kada a yi, domin zai tabbatar wa Auta abin da ciwon ke raɗa mata, cewa ba ta cancanci zama uwa ba. Abin da ake so a ɗauke mata shi ne aiki da kaɗaici, ɗanta kuwa a bar mata, da wani a kusa.

Mama ba za ta iya tarewa gidan suruki ba, don haka aka sake ɗauko Gwaggo. Barci aka fara gyarawa. Bayan isha'i Auta ta ba da nono ta shiga ɗaki, Gwaggo ta kwana da yaron a falo, ba a tashinta sai ta samu awa huɗu ko biyar a jere. Mijin ya kwashe fiya-fiya da tarkacen magunguna daga gidan, nata maganin kuma a hannunsa yake, shi ke ba ta kullum. Ya koma rufe shago da magariba, ya bar wa yaronsa. Wankan jariri suka riƙa yi tare da Gwaggo, da farko tana riƙe da tawul kawai, daga baya tana zuba ruwa, har ranar da Gwaggo ta ce bayanta na ciwo ta zauna a kujera tana kallo. Da la'asar sai sun sauko ƙasa sun zaga, ko ba ta so.

Sai kuma baki. Na roƙi kowa a daina ce mata "ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba." Gaskiya ce, amma a kunnen mai wannan ciwon tuhuma ce, tana ji ne kamar an ce mata butulu. Haka "ki yi haƙuri" da "ki cire damuwa a ranki", kamar ƙaya ce da za a sa hannu a zare. Baba ne ya samo abin da ya fi. Ya kira ta a waya ya karanta mata inda Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta ce ina ma ta mutu kafin wannan ta zama abin mantawa. Ya ce, "Auta, kin ga an yi mata faɗa? Cewa aka yi kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ki ci ki sha ki kwantar da hankalinki." Ta ce mini ta fi mako tana maimaita ayoyin nan na suratu Maryam.

Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin tana zama da ita duk bayan mako biyu, suna bin tunaninta ɗaya bayan ɗaya. In ta ce "ni ba uwa ba ce", sai a tambaye ta wa ya tashi ya ba shi nono jiya, wa ya lura da ƙurjin da ke wuyansa. Irin wannan zaman ba sai likitan ƙwaƙwalwa ba, waɗanda a Najeriya ba su kai 300 ba. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan an koya wa matan unguwa masu aikin lafiya yin sa gida-gida, kuma sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2008 ya nuna bayan wata shida kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. Da na ji wannan sai na tuna ungozomominmu da irin su Gwaggo, waɗanda suke shiga ɗakin mai jego sau biyu a rana tsawon kwana arba'in, su gan ta ba mayafi ba kwalliya. Babu likitan da ke da wannan damar.

Ba a miƙe aka samu sauƙi ba. A mako na biyar da fara shan magani, da ta fara jin dama, wata 'yar'uwar mijin ta ce mata maganin nan in aka saba da shi ba a rabuwa, kuma zai daskarar da ƙwaƙwalwar yaro. Ta riƙa karɓa tana ɓoyewa a ƙasan harshe tana zubarwa. Cikin kwana goma barci ya sake gudu, kuka ya dawo. Gwaggo ce ta tsinci ƙwayoyin a bayan gado. Aka koma wajen likita, ta zaunar da ita ta bayyana mata cewa ba maganin maye ba ne, amma ba a yanke shi farat ɗaya, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi don kada ciwon ya dawo.

A wannan tsakanin ne Mama ta zo duba ta, yini ɗaya. Muna zaune mu uku, ba wanda ya tambaye ta, ta ce, "Lokacin da na haifi wannan," ta nuna ni da haɓa, "wata biyar na yi ina shiga bayan rumbu ina kuka. In na ji motsi sai in ce hayaƙi ne ya shiga mini ido." Ta ce ta ɗauka kowa haka take ji ta daure, shi ya sa ranar da na kawo mata maganar kukan Auta ta ce zai wuce, domin nata ya wuce, bayan ta sha wuyar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar. Shekara 37 tana riƙe da shi. Da muka gaya wa likita ta rubuta a fayil, ta ce samun irinsa a dangi yana cikin abubuwan da ke ƙara yiwuwarsa, tare da wahalar haihuwa, da ƙarancin jini, da kaɗaici, duk kuwa Auta ta haɗa.

Yaron yana wata biyar na je Kaduna ba sanarwa. Ina hawa matakala na jiyo muryarta tana yi masa surutu, tana ce masa sarkin ci, yana ƙyalƙyala dariya. Ina yin sallama ta ajiye shi a kujera ta kau da kai, ta ce, "Yaya, ɗauki ɗanki, ya ishe ni." Amma idonta na kansa.

Ta yi kusan shekara tana shan magani, aka riƙa ragewa a hankali har aka tsayar. Yanzu tana koyarwa a wata firamare, kuma tana da ciki wata biyar. Wadda ta taɓa yin ciwon tana cikin haɗarin ya dawo mata, ta san haka, mijin ma ya sani. Ranar da ta fara awo ita da bakinta ta ce a rubuta a katinta, kuma likitar ta ba ta ranar da za ta gan ta mako biyu bayan haihuwa. An riga an aika wa Gwaggo cewa wannan karon ba kwana arba'in za ta yi ba, wata uku ne, har Kaduna. Ta ce ta ji, a samo mata dai wanda zai kula da awakinta.